Akwatunan Alhajin Hotoro

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau sun rushe gidan Malam Mika. Na ce gidansa, alhali haya ya yi a ciki tun ina saurayi, amma duk Nassarawa ba wanda ya san gidan da wani suna. Magada sun sayar, wanda ya saya benaye zai jera. Katafila ta shigo da hantsi, kafin azahar babu falo, babu barandar da marigayiya Madam Magdalena take tara yaran unguwa tana koya musu karatu. A barandar nan 'yata Lauya ta fara haɗa baƙi.

Ina leƙe ta katangarmu sai na ga leburori sun tara ƙofofi da katakon rufi, wai za su kai wa mai gidan burodi ya ƙona. Madaci tsantsa, tun na zamanin Turawa. Na tsallaka na wanke su tas. Babbansu ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce in ina so in kwashe, na rage musu aiki. Duk masifar da na tanada ta tashi a banza. Haka na wuni ina jigila a baro, da furfurata, matan manya suna wucewa a mota suna ɗauka sabon ɗan dako aka samu a layin.

Malam Mika ya koma Kawaji wajen ɗansa. Da zai tafi ya bar min wani tsohon akwatin littattafai mai fasasshen gilashi. Ƙofarsa ba gefe take buɗewa ba: ka ɗaga ta sama, ka tura ta ciki, ta kwanta a saman littattafan. Ya ce da guda huɗu ne, ana ɗora wani kan wani, sauran gara ta ci. Na daɗe ina buɗewa ina rufewa kamar yaro ya samu mota.

Litinin, 7 ga Afrilu

Zan yi guda biyar. Na gama magana.

Laraba, 9 ga Afrilu

Matata Sakinatu ta same ni a gindin mangwaro ina cire ƙusa, ta ce Malam wannan tarkacen fa? Na ce aiki aka ba ni. Ta ce wa? Na ce wani Alhaji ne a Hotoro.

To me zan ce mata? Lauya 'yar fari ce. Tun ranar suna bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ko a nan da ba mai gani biro ba ya yarda. Gardamarta tun tana ƙarama ta sa na laƙaba mata Lauya, ita kuma don ta ƙure ni ta je ta zama ta gaske. Haka Baba ya yi wa Yaya Auwalu, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba har ya bar duniya. Yanzu ni da girmana in buɗe baki in ce ina yi wa 'yata ta fari abu da hannuna saboda za ta tafi? A bakin wa za a ji wannan.

Amma na ce Hotoro. Gidan da Hanif, wanda zai aure ta, ya kama musu a Hotoro yake. Mace mai hankali ai ta gane. Sakinatu ta ce Allah ya sa ya biya da wuri, ta juya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ƙusoshin Turawa sun cinye min bakin zarto biyu. Wata ƙusar ta karye a ciki, ta yi tsatsa ta ɓuya, sai ka zo tsakiyar yanka ka ji ƙiii har cikin haƙori. Duk wanda ya buga su, in yana ji daga inda yake, na gaishe shi.

Amma in ka kankare fentin nan kala uku, kore a kan fari a kan wani abu mai kama da kunu, sai jan katako ya fito yana ƙamshi. Ba irin na yanzu ba da ake yanka shi ɗanye ya zo yana hawaye.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na zama ɓarawo a gidana. Na jira Lauya ta fita kotu, uwarta ta tafi kitso, na shiga ɗakinta da tsinken tsintsiya. Littattafan suna ƙarƙashin gado a kwalayen taliya. Ɓera ya ci gefen wani jan littafi mai kauri, ya yi kashi a kan wani. Ga ɓeran da ya fi ni karatu, ni da na tsaya a fom tu, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina sassaƙa benci.

Na auna mafi tsawo na karya tsinke daidai shi, na auna matsakaita na karya wani. Na ƙasa zai fi zurfi saboda manyan. Ban san faɗin ɗakin Hotoro ba, uba ba ya zuwa leƙen gidan surukinsa da abin awo. Shi ya sa wannan samfurin ya yi min: in bango dogo ne a ɗora su sama, in gajere ne a jera su gefe da gefe. In mai gida ya ba su notis, yadda aka ba Malam Mika, kowane akwati a ɗauke shi da littattafansa a ciki.

Wani lokaci ina mamakin yadda aka yi ban zama injiniya ba. Sai in tuna lissafi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yaya Auwalu ya zo. Shi ne waliyyi, shi ne mai 'ya, ni ɗan kallo ne, haka tsarin yake kuma ban ce komai ba. Ya zaɓo kayan ɗaki a wani shago mai fitilu, ya nuna min a waya: fari fat, da zinare-zinare a gefe. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka lulluɓe da leda. Ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya ya kumbura kamar burodi a shayi. Na ce ma sha Allah.

Sai ya dubi aikina ya ce, Garba, kai wane irin mutum ne, bikin 'yarka saura wata guda kana nan kana yi wa wani ƙato aiki da katakon bola. Ko kunya ce ai tana da iyaka, mutane sun fara cewa ba ka damu ba.

Shi ke faɗa min kunya tana da iyaka. Shi da har yau in an ambaci babban ɗansa sai ya hau duba agogo.

Na ce Yaya ai Alhajin matsa min ya yi. Ya ce wane Alhaji ne? Na ce ba ka san shi ba, ɗan gajere ne, mai gardama.

Talata, 29 ga Afrilu

Na ji su ta taga. Ƙanwar Sakinatu tana cewa ɗakin amarya ba laburare ba ne, kwalaye ba za su shiga motar jere ba, a bar abin kunya a gida. Na saurara in ji Lauya ta yi musu irin wadda take yi min a kan kuɗin cefane. Can ta ce ba komai, a bar su, dama babu inda za a sa.

Babu inda za a sa. Ina tsaye taku goma daga tagar da guduma a hannu.

Na bugi yatsa. Na zagi gudumar, na zagi katafila, na zagi magada har kakansu.

Juma'a, 2 ga Mayu

Mai yankan gilashi ya yanka daidai awon da na ba shi. Laifin ke nan. Gilashinsa a miƙe yake, tsohon katako kuwa yana da ra'ayinsa. Ƙofa ta farko na ɗaga na tura, ta cije a hanya, na ƙara mata ƙarfi irin na masu ilimi, gilashi ya tarwatse. Babban yatsa ya sha. Sakinatu ta ɗaure min da tsumma tana cewa Alhajin Hotoro dai ya ga bawa.

Sai da na koma kan akwatin Malam Mika na sa ido sosai na ga hanyar da ƙofar ke bi ba a miƙe take ba, ta ɗan gangara ciki, kuma an goga mata kyandir. Kyandir kawai. Kwana nawa ina faɗa da abin da ake sayarwa a teburin mai shayi.

Laraba, 7 ga Mayu

Malam Mika ya zo a adaidaita, wai ya zo ganin ramin da aka mayar da gidansa. Ya tsaya a bakin katanga ya daɗe. Da ya dawo gindin mangwaro ya zauna ya shafa akwati na biyu, ya ce wannan ƙofar ɗakin Magdalena ce, ga gurbin sakata. Na so in cike gurbin da gam da garin katako, yanzu na fasa.

Ya ga tsinkayen tsintsiya a kan benci, ya ɗauki dogon ya juya shi.

"Injiniya, wannan Alhajin naka shi ma shari'a ya karanta?"

Na ce ban tambaye shi ba.

"Ko in je in gaya masa aikinsa ya kusa? Na san shi tun yana cin alli a barandata."

Na ce Ticha, in ka buɗe baki, ni da kai har abada. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara arba'in yana zaune da mu, ya ci tuwonmu ya je jana'izarmu, amma wannan abin namu na ɗan fari har gobe bai gane shi ba, mutum ya fi son ya yanke yatsa da ya furta kalma biyu. Na ce ku ai a coci kuke rungume 'ya'yanku kuna kuka, mu ba mu iya wasan kwaikwayo ba. Ya ce to a ci gaba da yanke yatsa.

Tsohon banza. Na ba shi mangwaro cike da leda.

Lahadi, 11 ga Mayu

Lauya ce ta kawo min abinci yau, ƙannenta sun tafi Islamiyya. Ta ajiye za ta juya sai ta tsaya. Huɗu suna tsaye an goge an shafa mai. Ta ɗaga ƙofar sama, ta tura, ƙofar ta shige ba ƙara. Ta jawo ta rufe. Ta sake.

Ta ce Baba mai wannan ya more. Na ce mutumin banza ne, ko godiya bai iya ba. Ta leƙa baya ta ce ban rubuta sunansa ba, alhali ni ke cewa kaya ba ya barin gindin mangwaron nan sai da sunan mai shi a baya. Na ce sunan nasa wuyar rubutu gare shi.

Ta ce in ta samu wuri wata rana za ta ba ni kwangilar irinsa. Kwangila. Ta faɗa tana kallon ƙasa, da muryar da take yi wa baƙi.

Lauyar da aka ce tana tsare mutum da tambaya har ya manta sunan garinsu. Ga tsinke a gabanta, ga Hotoro, ga tsawon littafinta. Wallahi kuɗin makaranta sun tafi a banza. Abincin ma gishiri ya yi yawa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ranar jere. Ban taɓa jin haushi irin na yau ba, kuma ba ni da wanda zan kama.

Dabarata mai sauƙi ce. Motar kaya ta zo, mata suna ta hayaniya a kan tukwane, na ce wa direba ga wasu akwatuna na Hotoro, tunda hanya ɗaya ce ya sa su daga ciki. In sun isa can aka sauke komai, wa zai dawo da su? Za su shige a cikin rububi, ba wanda ya ce, ba wanda ya ji. Na lulluɓe kowanne da tsohon bargo, muka loda.

Mota ta tayar ke nan sai ga Yaya Auwalu. Ya leƙa, ya ɗaga bargo. Ya ce wannan ba kayan Alhajin nan ba ne? Ya tara ni a gaban mata: kayan mutane amana ne, in suka cakuɗe da na amarya gilashi ya fashe wa zai biya, kuma ina aka taɓa kai amarya da tsohon katakon rusau a mota, so nake dangin miji su samu abin faɗa? Ya sa aka sauke su ɗaya bayan ɗaya. Har da cewa a yi a hankali, kayan mutane ne.

Sannan don ya kyauta min, ya ce in ba shi kwatancen gidan Alhajin, bayan biki zai kai da motarsa.

Kalma biyu ce. Nata ne. Ta zo min har maƙogwaro. Ga Yaya, ga surukai mata, ga Sakinatu a bakin ƙofa ta zuba min ido, kallon da ban gane ba. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa Alhajin ya yi tafiya Umara.

Mota ta tafi. Na mayar da su rumfa ni kaɗai.

Asabar, 24 ga Mayu

An ɗaura. Na yi wa kowa barkwanci, an ce ba a taɓa ganin uban amarya mai sakin jiki irina ba. Da za a tafi da ita aka kawo ta ta durƙusa. Yaya ya yi nasiha mai tsawo. Aka ce in ce wani abu. Na ce ta rage gardama, mijin ba alƙali ba ne. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Talata, 27 ga Mayu

Gidan ba hayaniya. Ba wanda ya gyara min Turanci yau da na ce wa mai mita ya dawo tumoro.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ruwan farko, da iska. Rufin ɗakin Lauya yana yoyo ta kusurwa, shekara uku ina cewa zan gyara, gidan kafinta ke nan. Na shiga na tarar ruwa ya kai kwali biyu. Na hau masifa, wa ya bar littattafai a ƙasa, wa ya ce a bar su. Sakinatu ta ce ai ka ji lokacin da aka ce, kana bakin taga.

Na shanya waɗanda suka jiƙe a baranda. Sauran kuwa, tunda Alhaji yana Umara kuma akwatunansa suna zaune ba aikin komai, na shigo da su falo na ɗora. Don ruwa ne kawai. Manyan suka shige na ƙasa, saura faɗin yatsa a sama, yadda za a sa hannu a jawo. Jan da ɓera ya ci na juya gefen cin ciki.

Sakinatu ta tsaya da tsintsiya tana kallo. Ta ce ikon Allah, kamar an auna. Na ce sa'a ce. Ta ce ƙwarai, shi ya sa tsintsiyata ta rage tsinke biyu.

Na ce to da kin sani me ya hana ki magana ranar jere? Ta ce Malam, ni ma fa ta farin ce a wajena. Kai da ke namiji ka kasa, ni ce zan buɗe baki a gaban Yaya?

Mun zauna muna jin haushin juna har aka kira la'asar. Gida guda, wawaye biyu.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sun zo gaisuwar Sallah ita da Hanif. Yaya Auwalu ma yana nan, ya kawo cinyar ragonsa. Na yi niyyar mayar da akwatunan rumfa kafin su zo. Na manta. Bayana ma yana ciwo.

Ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ɗago. Ta tashi ta je gaban akwatunan. Na jera littattafan yadda na ga dama, wasu ma ashe a kife suke, ni kala na bi. Ta ɗaga ƙofar ƙasa, ta sa yatsa a saman babban littafin, yatsan ya shige daidai. Ta daɗe a tsugune.

Yaya ya ce Garba, ka zuba kayan yarinya a cikin kayan mutane, in mai shi ya dawo fa?

Ba ta juyo ba ta ce, "Baba, Alhajin nan har yanzu bai dawo ba?"

Na ce ya fasa. Dama na faɗa miki mutumin banza ne.

"To ni ina so. Bangon falona babu komai."

Na ce in za ki iya da kayan bola, ga su nan, sun tsare min wuri. Hanif, yaron kirki, ya miƙe zai ɗauki na sama. Ta ce ya dakata. Ta zo gabana ta durƙusa, ta miƙo hannu ta zare fensir daga bayan kunnena, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar shekara biyar. Ta riƙe min shi da hannu biyu.

"Kaya ba ya fita sai da sunan mai shi."

Na dubi Yaya. Yaya ya hau duba agogo. Sakinatu ta tuna ta bar nama a wuta.

Na karɓi fensirin. Katakon ya sha mai, ba ya kama rubutu, sai da na bi ta kai sau biyu. Biyar ɗin duka ta sa na yi, wai ka'ida ce. Lauyoyi ba su da imani.

Talata, 10 ga Yuni

Falo ya yi faɗi. Sawun akwatin ƙasa yana nan a kan leda, na hana a goge, sai na ga ko ledar za ta koma da kanta.

Na hau na gyara rufin. Na kira Malam Mika na ce masa Alhaji ya karɓi kayansa, ƙofar Madam tana hawa na biyu. Sai ya tambayi lafiyar yatsana.

Katako ya rage, zai yi guda ɗaya. Littattafai ƙaruwa suke yi, kowa ya san wannan, ba wai wani abu ba. Na yanka katakon bayansa tun yau, kuma don kada a zo ana rikici irin na wancan karon na rubuta sunan mai kaya tun kafin a shafa mai. A busasshen katako fensir ya fi tafiya.

Nabiha.

Ba laifi, sunan yana da daɗin rubutu.